'Yar Tsana Marar Fuska

Ni mai ɗinki ce, ba mai ƙera kayan wasan yara ba. Riga da zani na iya, da hijabin 'yan Islamiyya, da facin wandon da ya yage. Amma akwai wata damina a Enugu da na ture ɗinkin mutane gefe, na zauna ba abin da nake yi sai tunanin me za a ƙera wa yara su yi wasa da shi, har masu kawo mini ɗinki suka fara tambayar ko lafiyata ƙalau. Lafiyata ƙalau. Tsoro nake ji kada a raba ni da 'yata.

A unguwar Uwani muke zaune, cikin wani dogon gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida, shi ma sai ya ga dama yake kawo ruwa. Yawancin ɗakunan Hausawa ne a ciki. Maigidana yana sayar da albasa ta wajen Kasuwar Kenyatta. 'Ya'yanmu biyu a lokacin, mace 'yar shekara shida, ita ce ta fari, sai namiji da nake goyo.

A shekarun nan ne aka shiga zaman gida na ranar Litinin. Ba kasuwa, ba makaranta, ba mota a titi, wanda ya fita kuwa shi ya jiyo. Mu da muke baƙi mun fi kowa kiyayewa. Mukan garƙame ƙofar gida, mu tara yara a ciki, mu wuni muna ce musu su yi shiru.

Wata Litinin zazzaɓi ya rufe yarinyar, har ta fara sambatu. Babanta ya ce shi kam ba zai zuba ido ba. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya roƙi wani Ibo maƙwabcinmu mai keke napep, mutumin kirki, ya yarda zai kai su kemis. Sai bayan azahar suka dawo, a ƙafa. Maigida ya sauke ta a kan tabarma, ya sha ruwa, ya ce, "An tare mu a hanya. An ƙona napep ɗin. Ba a taɓa mu ba, alhamdu lillahi."

Na ce, "Su waye? Yaya aka yi?"

Ya ce, "Ki bar maganar."

Shi ke nan fa. Namiji in ya ce a bar magana, ko da filaya ba za ki zaro ta daga bakinsa ba. Mai napep ɗin ma ya tattara ya koma ƙauyensu, balle in je in tambaye shi.

Zazzaɓi ya sauka, amma yarinya ba ta dawo ba. Yarinyar da matan gida suke kira rediyo saboda surutu, mai zuba Hausa da Ibo da Turancin broka duk a zance ɗaya, sai ga ta ta yi gum. Ta samu wani lungu tsakanin keken ɗinkina da bango, nan take wuni. In an ba ta abinci ta ci, in an tambaye ta ta gyaɗa kai. Ba magana, ba wasa. An yi tofi, an sha rubutu, mun je asibiti. Likita ya dudduba ya ce jikinta ba komai, tsoro ne, a bar ta cikin yara, ranar da ta fara wasa to ta kama hanyar warwarewa.

Maigida ya riƙe wannan maganar. Wata rana yana cin tuwo ya ce mini ya yi waya da Hajiyarsa, ta ce a kawo mata yarinyar gida Arewa. Ƙanwarsa za ta zo Onitsha sarin atamfa, za ta biyo ta wurinmu. Ya ce, "In ta zo yarinyar ba ta sake ba, sai su tafi tare. Can akwai fili, akwai yara, kuma ba wanda yake kulle ƙofa ran Litinin."

To me zan ce? 'Yar fari ce. A yadda aka rene ni, uwa ba ta da baki a kan ɗan fari. Ba kya yabonsa, ba kya rungumarsa a gaban mutane, in an dake shi ki kau da kai, in an ce za a kai shi wurin kaka ki ce to, ki ma nuna kamar an rage miki aiki. 'Yan matan yanzu dariya suke yi in sun ji wannan, su yi ta yi, ni dai a gidan da na tashi haka abin yake, kuma ya bi jinina. Na ce, "To, Allah ya sa hakan ya fi alheri." Na ɗauki buta na zaga banɗaki na yi kukana.

Ina fitowa na yanke shawara. Tunda wasa aka ce, wallahi sai ta yi wasa kafin gwaggon tata ta iso. Amma ba zan iya zuwa in ce wa matan gida ku taya ni riƙe 'yata ba, ai sai a yi da ni har a gidan suna. Sai na ɓullo ta wata hanya. Na ce musu yaran nan suna neman ja mana masifa ran Litinin da hayaniyarsu, ya kamata mu zauna mu samo musu abin wasan da zai zaunar da su.

Mu uku muka zama 'yan majalisar. Da ni, da Inna, wata tsohuwa uwar mahaucin da ke ɗakin ƙarshe, wadda ɗanta ya ɗauko daga ƙauye kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda Enugu gari ne ba. Sai maƙwabciyata mai sayar da kunu, haihuwar Enugu, wadda ba ta san Arewa ba sai in ana bikin dangi. Kowace Litinin bayan karin kumallo mukan shimfiɗa tabarma a barandar Inna mu baje.

Ni na kafa sharuɗɗa. Kada abin ya yi ƙara. Kada ya sa gudu. Kada ya yi kama da bindiga. Na so in ƙara da cewa kada ya kasance mai taya, amma na haɗiye, don za a gane inda na dosa.

Inna ce ta fara. Ta ce, "Motar kara mana. Mu a zamaninmu yaro da karan dawa yake ƙera mota har da ƙofa mai buɗewa."

Mai kunu ta ce, "Inna, kin taɓa ganin gonar dawa a garin nan?"

Inna ta ce, "Garin da ba kara ai ba wurin zama ba ne." Ba ta haƙura ba, ta sa ɗanta ya roƙi wani direban tirelar albasa ya taho mata da dami ɗaya. Kafin ya iso ruwan hanya ya dake shi, ya yi baƙi ya yi funfuna, kana taɓawa yana marmashewa. Inna ta zauna tana kallonsa kamar an yi mata rasuwa. Ni kuwa a raina hamdala na yi, don ban san yadda yarinyar za ta yi ba in ta ga abu mai taya.

Sai Inna ta koma kan koɗi. Ta ce a samo ɓawon katantanwa a goge bakinsa, yara su riƙa murza shi yana juyi a ƙasa. Mai kunu ta ce wannan mai sauƙi ne, washegari ta kawo ɗaya daga kasuwa, girmansa ya kai dunƙulen hannu. Inna ta juya shi ta juya, ta ce, "Wannan ai ba koɗi ba ne, kakan koɗi ne. Ina abin cikin?"

"An ci, Inna. Da barkono ake soya shi."

Inna ta cillar da shi ta yi ta tofar da yawu, ta sa aka zuba mata ruwa ta wanke hannu har gwiwa. Mun yi dariya ranar, har da ni. Ina dariyar ina leƙen ƙofar ɗakina ko zan ga wani ɗan kai ya leƙo. Ba wanda ya leƙo.

Mai kunu ta ce to a sayo balan-balan, ba ya cin wuri, yara na son sa. Nan na hau ta. Na ce, "Ke kanki ɗaya kuwa? In ya fashe fa? Ran Litinin, gari tsit, a ji fas daga gidan Hausawa? So kike a zo a tashe mu?"

Ta ce, "Abeg, Maman bebi, shawara na kawo, ba faɗa ba."

Gaskiyarta. A kwanakin nan abu kaɗan ke tunzura ni, kowa sai da ya sha.

Mun gwada marfin kwalba, maza suka mai da shi 'yan ƙwallo suna ihun an ci, dole aka kwashe. Mun gwada tuwon ƙasa da gwangwanin tumatir, jar ƙasar Enugu ta ɓata musu kaya, ta ɓata tsakar gida, mai gidan hayar ya aiko da kashedi. Gare-gare ba a ma yi zancensa ba, tunda titi yake so. Inna ta tattaro duwatsu ta ce za ta koya wa 'yan mata carafke, ga hannu duk sanyin ƙashi, tana cillawa suna zubewa tana cewa duwatsun garin ne ba su da tarbiyya. 'Yan matan sun so shi. Amma duk lokacin da dutse ya daki siminti, sai in ga kafaɗar 'yata ta zabura a bayan keken ɗinki. Na ce a bar carafke, wai yana tsaga siminti.

Tunanin da ya fi kusa da cin nasara nawa ne. Ina share ƙyallayen da suka taru a ƙarƙashin keke sai na ga wani guntun yadi mai ruwan albasa. Na dunƙule shi, na cusa auduga, na ɗaure bakin da zare. Sai ga albasa sak. Na yi tumatir da jan yadi, na yi attaruhu, na yi kuɓewa da kore, na ɗinka 'yan buhuna ƙanana kamar na babanta. Kasuwa guda na haɗa, wadda ko ta faɗi ba ta ƙara. Inna ta ce, "Kai, 'yar nan, hannunki da albarka." Mai kunu ta ce in na kai wannan kasuwa iyaye za su yi rububi.

Ran Litinin muka baje wa yara a tsakar gida. Nan da nan aka kasa kaya, wannan mai albasa, wannan mai tumatir, ana ciniki ƙasa-ƙasa da ganyen mangwaro. Ina zaune a baranda ina yi kamar tsifar kai nake wa Inna. Can sai na ga labulen ɗakina ya motsa. Ta fito. Ta tsaya jikin ƙofa ta daɗe, sannan ta tako a hankali ta tsuguna gaban mai albasa. Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci ta shinshina. Wayyo Allah! Na ja gashin Inna ban sani ba, har ta ce, "Ke, a hankali, ba igiya ba ce."

Ba a jima ba sai wata cikin manyan yaran ta miƙe ta ce, "Oya, a rufe kasuwa! Ga su nan zuwa!" Sai yara suka watsar da kaya, kowa ya ruga, wasu ƙarƙashin gado, wasu bayan durom, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ashe wasan da suka fi so ke nan. Tawa ta saki albasar a wurin, ta juya ta koma lungunta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi yaran nan da zagi, na finciko babbar, wadda 'yar mai kunu ce, saura kaɗan in mare ta. Uwar ta shiga tsakani. Ta ce, "Kar ki taɓa mini 'ya. Me suka yi? Abin da suke gani shi suke wasa da shi. Ko buhun auduga kika ba su, wannan wasan za su yi." Na ce mata magana marar daɗi, ta mayar mini, muka yi kwanaki ba ma gaisawa. Abin haushin shi ne na san gaskiya ta faɗa.

Ana cikin haka labari ya zo cewa ƙanwar maigida ta sauka Onitsha, tana harhaɗa kayanta a Kasuwar Ochanja, in ta gama za ta biyo. Ni da kaina na je na ba mai kunu haƙuri, don ina bukatar kowane kai a majalisar nan.

Inna ta ce, "Mun tsaya muna ta kewaye-kewaye. 'Ya mace ai 'yar tsana. Ki ba ta abin da za ta goya, ta yi wa wanka, ta yi wa faɗa." Ta ba mu labarin tasu ta da, ta ƙashin ƙafar saniya, a yi mata kitso da zare a ɗaura mata zani.

Mai kunu ta ce, "To ai ga su nan a kasuwa, na roba, masu gashi, in ka kwantar da su su rufe ido."

Inna ta ce, "A'uzu billahi! Mutum-mutumi mai ido a ɗakin da ake salla? Ba da ni ba."

Suka yi ta ja. Na ce a tambayi Malam a huta. Malamin da ke koyar da yaranmu a masallacin unguwa dattijo ne mai sanyin hali, shi ya yi wa yarinyar tofi tun farko. Ni da Inna muka same shi bayan la'asar, muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi mai jiki, na sunkuyar da kai Inna ta amsa. Da muka faɗi abin da ya kawo mu, ya ce malamai sun yi sassauci a kan abin wasan yara, amma wanda yake son fita daga kokwanto sai ya bar fuskar haka nan, ba ido ba baki. Ya sa mana albarka, ya ce aikin lada muke yi.

Na dawo na hau keke. Da yawa na ɗinka, don kada a ce tawa kaɗai na yi wa. Ina da ragowar baƙin yadin hijabi mai yawa, na ce yauwa, 'yan baƙaƙe kamar mu, ba irin na kasuwa masu jan kunne ba. Da shi na yi kai da hannuwa da ƙafafu. Na yi musu riguna da guntayen atamfa, na kitsa musu zaren ulu. Ɗaya na fi ɓata wa lokaci. Ragowar atamfar sallar yarinyar na yanka mata, na yi mata ɗankwali, har da ɗan zanin goyo da jaririya ƙarama a baya. Ina ɗinkin ina juya wa lungun baya, don ina so ta gan su gaba ɗaya, abin ya burge ta.

Ran Litinin da hantsi muka jera su a barandar Inna, a tsaye, jingine da bango. 'Yan mata suka yo caa, mai kunu tana tare su tana cewa a bi layi. Ni ba zan iya kai wa tawa da hannuna ba a gaban mata, sai Inna ta tashi da kanta ta shiga ɗakina. Ta riƙo hannunta tana lallashi, "Zo ki ga baƙin da suka zo wurinki."

Sun zo tsakiyar gida yarinyar ta ɗaga kai. Ta ja ta tsaya.

Ihun da ta yi, ban taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba. Makonni ina roƙon Allah in ji muryarta, ga shi na ji. Ta fizge daga hannun Inna, fitsari na bin ƙafarta, ba ɗaki ta nufa ba, ƙofar gida ta nufa. Ta kama ƙarfen tana jijjigawa tana dukansa da hannu biyu, so take ta fita titi, ran Litinin. Maza suka firfito daga ɗakuna. Babanta ya sure ta, tana shure-shure tana cizonsa. Ya juyo zai tambayi abin da ya faru sai idonsa ya sauka a kan barandar Inna. Na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Wa ya yi waɗannan?"

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Kwashe su. Yanzu."

Sai da ta yi kuka har ta gaji, barci ya ɗauke ta tana ajiyar zuciya, sannan ya yi magana. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Mutanen da suka tare mu, baƙin ƙyalle suka rufe kawunansu da shi, ba ka ganin fuskar kowa. A jere suka tsaya suka tare titi."

Da na buɗe baki kuwa, ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ce, "Shi ne ba ka faɗa mini ba? Na tambaye ka, ka ce in bar maganar! Kana gani ina ta haƙilo, ina ɗinki a gabanka, ba ka iya buɗe baki ka ce ga abin da ta gani ba?"

Ya ce, "Me zai ƙara miki in na faɗa? Ni kaina ba na son tunawa."

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Duk gidan an ji, kuma ba wanda ya zo ba da haƙuri. Da na dube shi na lura shi ma abin bai sake shi ba, sai haushin ya rasa inda zai sauka.

Washegari na koma wurin Malam ni kaɗai na faɗa masa. Dattijon nan ya yi salati ya dafe kai. Ya ce, "Da na sani ai da ban ce haka ba. Je ki sa mata ido, ki sa mata hanci da baki, ki sa ta tana murmushi. In akwai laifi a wuyana." Na dawo na ɗauko 'yar tsanar nan ta musamman, na farke baƙin kan na sa mai ruwan ƙasa, na ɗinka mata fararen maɓallai a ido, na yi mata baki da jan zare. Ta yi kyau, ba yabon kai ba. Amma yarinyar ko ɗakin da 'yar tsanar take ba ta yarda ta shiga. Da ta hango atamfar sai ta fara karkarwa. Lungun bayan keke ma ta daina zama, tunda a nan aka ɗinka su, ta koma bayan ƙofa.

Na kai wa Inna 'yar tsanar ajiya. Ta karɓa ta tura ƙarƙashin filo, ta kama hannuna ta zaunar da ni a bakin gado. Ta ce, "'Yar nan, tun ranar farko na san don wa kike wannan wahalar. Na yi wa mijinki magana, ya ce an riga an faɗa wa uwarsa. Ki yi haƙuri. Ni ma nawa na farin yana yaye aka ɗauke shi, ban ce uffan ba." Ruwan sama na ta dukan kwano.

Ƙanwar maigida ta iso da ƙullin atamfofinta. Mace ce mai fara'a, ba ta da laifin komai. Ta ce kada in damu, Hajiya za ta kula da ita kamar ƙwai. Na ce ai ni ba ruwana, 'yarku ce. Na wanke kayan yarinyar na goge, na ninke a jaka. Ban sa ko abin wasa ɗaya a ciki ba, don ban san kuma wanne ne ba zai tsorata ta ba.

Da safe za su tafi. Bai kamata in yi rakiya ba, uwa ba ta raka 'yar fari tasha. Na ce zare ya ƙare mini, zan bi su in sauka a kasuwa. A tasha na tsaya can gefe kusa da wata mai sayar da burodi, da goyona, ina yi kamar jiran wani nake. Suka shiga babbar mota. Gwaggon ta zauna jikin taga ta ɗora ta a cinya. Babanta yana ƙasa yana miƙa musu ruwa da biskit ta tagar. Ita kuwa kanta a sunkuye, tana kallon hannunta.

Direba ya tayar da mota. Kwandasta ya buga ƙofa. Sai na ji bakina ya buɗe, na kira sunanta. Da ƙarfi na kira, har mai burodi ta firgita. Tun ranar da aka raɗa mata shi ban taɓa furta shi ba, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan".

Ta ɗago kai. Ta ji an kira ta. Ta kalli babanta, ta kalli kwandasta, ta kalli mai burodi, tana neman wanda ya kira. Idonta ya biyo ta kaina ya wuce bai tsaya ba, don ba ta san yadda sunanta yake a muryata ba. Tana cikin dube-duben motar ta fita daga tasha.